Bargon da Suwaiba Ta Ƙarasa wa Inna Kyauta

"Farke shi," in ji Inna Kyauta daga kwance.

Suwaiba ta dubi layin da ta ɓata hantsi guda tana ɗinkawa. "Haba Inna, wanga ɗan karkace wa za ya lura da shi?"

"Ni mana. Ai ban tahi ba tukuna."

Duk cikin aikin allura babu abin da Suwaiba ta tsana kamar farke ɗinki. Shekara uku ke nan da ta faɗo gidan maƙwabciyar tata da zumuɗi, wai sai an koya mata bargon haɗe-haɗe, irin wanda tsohuwar ke yi da guntayen atamfar da telolin Mafara ke zubarwa. Wata biyu ana abu kamar gaske. Da "farke shi" ta ishe ta, sai ta cusa bargon a buhu ta tura ƙarƙashin gado. In an tambaya ta ce hidimar gida ce.

Bana da marka ta zauna, ciwo ya kwantar da Inna, ga shi nata bargunan duk ta rabar wa jikoki a Bakura da Garbadu. 'Yarta Zuhura ta zo jinya daga Maradun da bargon kanti mai laushi, tsohuwar ta ce ƙaiƙayi yake sa ta.

"Na Suwaiba nika so," ta ce. "In ta gama in lulluɓa, in ta ƙiya in tahi da sanyina."

Suwaiba ta san dabara ce aka yi mata. Amma ta ga yadda hannun Inna ya rame har awarwaro na zamewa, sai tsoro ya kama ta, kada tsohuwar ta riga bargon ƙarewa. Ta zazzage buhun. Kullum da safe takan shimfiɗa bargon a jikin Inna ta zauna bakin gado tana ɗinki, mai ciwo na shan ɗumi tana kuma zuba gyara.

Ranar Alhamis aka zo kalmasar gefen ƙarshe. Suwaiba na sauri, allura na shiga na fita, ba ta ji an ce uffan ba. Ta ɗaga kai ta ga kafaɗun Inna na rawa, dariya take ƙunshewa.

"Mi ya faru, Inna?"

"Ba komai, ɗiyata. Yi aikinki."

Kafin azahar ta ƙulle zaren ƙarshe ta cije shi. Inna ta shafa bargon ta ce, "Madalla. Allah shi yi miki albarka." Suwaiba ta koma gida ɗora tukunya, zuciyarta fes.

Bayan la'asar Zuhura ta leƙo ta katanga, ta gaya mata Inna ta cika.

Da mata suka taru za a yi mata wanka, Zuhura ta ɗaga bargon, sai zanen Inna ya biyo shi. Ta sake ja, ya sake biyowa. Ashe garin sauri Suwaiba ta haɗe bargon da zanen, tun daga gwiwa har idon sawu. Wata dattijuwa ta toshe baki, dariya ta kufce mata, ɗakin ya ɗauka ana yi ana share hawaye. A nan Suwaiba ta gane abin da Inna ta gani ta yi shiru. Karo ɗaya a shekara uku ta ƙyale ta da kuskurenta, don dai aikin ya ƙare tana da rai. Kewar tsohuwar ta kama Suwaiba.

Zuhura ta miƙo almakashi. "Yanke shi, maza na jira waje."

"A'a," in ji Suwaiba. "Ba haka ta koya min ba. Su ɗan yi haƙuri."

Ta durƙusa a bakin gadon, ta zare allura daga ɗankwalinta, ta sa tsininta ƙarƙashin zaren farko. Ta shiga farke ɗinkin, tana jawo zaruruwan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana tara guntayen a tafin hannunta.