Madarar da Ta Ƙi Zama Kindirmo

Shekara goma sha takwas Hansai tana haɗa kindirmo a gidanta da ke Indabo, bai taɓa ba ta kunya ba sai wata ranar Talata. Da safe ta ɗaga faifan da ta rufe ƙwarya da shi, ta tarar da madarar tsululu, yadda ta zuba ta jiya. Ta karkata ƙwaryar, madarar ta biyo. Ta ɗanɗana da ludayi, babu tsami ko kaɗan.

Saniya ɗaya gare su, wata fara da mijinta Malam Ɗayyabu ya sayo a karar Wudil. Kullum da sassafe Hansai ke tatsarta. Malam ya sha moɗa ɗaya da ɗuminta, mahaifiyarsa Iya Rabi ta sha ɗaya, sauran a zuba masa ɗan tsohon nono a rufe, washegari a dama fura da shi. Da hantsi Malam yakan kora saniyar da maraƙinta zuwa garka, sai yamma su dawo.

Abu ɗaya ne Hansai ta san ta canja. 'Yarta Mas'uda, wadda ke aiki a wani asibiti a Wudil, ta zo ranar Lahadi ta ga kakarta tana shan madara ɗanya, ta ce, "Inna, don Allah ku riƙa dafawa. Akwai zazzaɓin da ake ɗauka daga saniya, har da tarin fuka, kuma ba a gane shi a ido." Ranar Litinin, bayan Malam da Iya sun sha nasu, Hansai ta dafa sauran kafin ta rufe.

Iya Rabi ta leƙa ƙwaryar ta tambaya, Hansai ta faɗa mata gaskiya.

"Dafawa kika yi? To ai kin kashe ta," in ji tsohuwar. "Madara rai gare ta. Tun ina yarinya nake shan ta daga hantsar saniya, ga ni nan har yau da haƙorana."

Hansai ta kira Mas'uda a waya. Ita kuma ta ce ba dafawar ba ce, ai duk yogot ɗin da ake sayarwa a kanti da dafaffiyar madara ake yin sa. Wataƙila dai ta zuba tsohon nonon tun madarar ba ta huce ba. Hansai ta yi ta tunani, ta kasa tuna ko ta huce ko ba ta huce ba. Ta san dai ta sa yatsa.

Ran nan ba ta dafa ba. Ta yi komai yadda ta saba, ta ajiye ƙwaryar a gurbinta. Ranar Laraba ta buɗe, ta ga ruwa, ga kuma wani ɗan wari da ba na nono ba.

"Wannan fa ɗanya ce, Iya," ta ce.

Iya ta ce to ƙwaryar ce ta ɓaci, tunda an zuba mata dafaffiya.

Hansai ta yafa mayafi ta shiga gidan maƙwabciyarta Uwa, wadda ta girme ta kuma su ma suna da shanu. Bayan sun gaisa, an tambayi yara da aikin gona, ta kwashe labari ta faɗa mata. Uwa ta riƙe haɓa.

"Wa ya shigo gidanki kwanan nan ya yaba kindirmonki?"

"Yaya Uwa, kowa ma yabawa yake."

"To baki ne. Ki yi addu'a ki tofa, ki turara ɗakin."

Ta ba ta sabuwar ƙwarya da tsohon nono daga nata. Hansai ta dawo ta raba madarar ranar gida uku: dafaffiya a kwanon sha, ɗanya a sabuwar ƙwarya, ɗanya a tsohuwar. Ta yi addu'a ta tofa wa duka ukun. Ranar Alhamis ko ɗaya bai kama ba.

Sai ta zauna a bakin murhu tana duban hannuwanta. Ta tuna an taɓa cewa akwai matar da in ta taɓa nono ba ya kamawa, amma ita shekara goma sha takwas da hannun nan take yi. Ko sabulun da ta canja ne? Ko ruwan rijiya? Furar ranar da ruwa aka dama, Malam ya sha bai ce komai ba, ita kuwa har ta fi son ya yi faɗa.

Uwa ce ta shigo da hantsi da kwano cike da madarar saniyarsu. Ta ce, "Ungo. Ki haɗa da hannunki, a tsohuwar ƙwaryarki, mu gani." Hansai ta haɗa. Ranar Juma'a da safe ta tarar da kindirmo ya kama daram, har ludayi na tsayawa a ciki. Maimakon ta yi murna sai kanta ya ƙara ɗaurewa. Ba hannunta ba ne, ba ƙwarya ba ce, ba baki ba ne. Saniya ta rage, saniyar kuwa tana cin harawarta tana tuƙa, kamar ba abin da ya dame ta.

Ta ɗauki ƙwaryar tatsa ta nufi turke. Can ta iske Malam riƙe da igiya, wani mutum da ba ta sani ba yana zare allura daga wuyan saniyar. Ta ja mayafi ta gaishe shi. Malam ya ce Ya'u ne, mai yi wa dabbobi allura. Kofaton saniyar na baya ne ya kumbura, tun Lahadi da yamma yake zuwa garka yana yi mata, yau ce ta ƙarshe, ya zo gida da wuri don zai wuce kasuwar Wudil.

Ya'u ya ga ƙwaryar a hannunta. "Hajiya, ba dai tatsa za ki yi ba? Ai na gaya wa Malam kada a sha madararta."

Malam ya sassauta igiyar. "Ni cewa na ji ka yi kada a yanka ta a ci naman."

"Duka biyun na faɗa."

"Ɗaya na ji."

"Malam," in ji Hansai, "kwana huɗu ina zaune ina zargin hannuna, ba ka ce mini komai ba?"

"To ni ina na san allurar ƙafa za ta shiga nono? Ƙafa ce fa."

Ya'u ya ce maganin jini yake bi, ya fito ta madara, kuma shi ne ke hana ta kamawa. Hansai ta tambaye shi kwana nawa za a jira. Ya ce huɗu, sannan ya ce ko bakwai ne, ya ɗauko kwalbar ya duba, takardar jikinta ta goge. Ya hau babur ɗinsa yana cewa su dai yi bakwai.

Hansai ta sake kiran Mas'uda, ta ce Babanta da Iya sun yi kwana huɗu suna sha. Mas'uda ta tambaya ko wani ya yi ƙaiƙayi ko ƙuraje ko gudawa. Babu. Ta ce to da sauƙi, amma a daina.

"In na dafa fa?"

"Dafawa ba ta cire magani, Inna."

"Ba ke kika ce dafawa na kashe cuta ba?"

"Cuta daban, magani daban."

"Maganin ba shi ke kashe cutar ba? Yanzu madarar ba ta da cuta ke nan, kuma kin ce kada a sha?"

Mas'uda ta fara bayani, aka kira ta a wurin aiki, ta ce za ta kira anjima. Hansai ta daɗe riƙe da wayar.

Mako guda aka bar wa maraƙi uwarsa, ya sha har ya yi sheƙi. Uwa ce ke aiko musu da nono. Iya Rabi kullum sai ta yi mitar cewa cikinta ba ya zama daidai in ba ta sha mai ɗumi ba.

Ranar da bakwai ta cika Hansai ta hura wuta tun kafin ta fita turke, don ta yanke shawarar dafawa, ko da ba ta gama fahimtar zancen ba. Madarar ranar ta kama washegari, dafaffiyarta, Malam kuma ya koma shan tasa da ɗumin murhu. Iya ce dai ba ta yarda ba. A rana ta uku ta dogara sandarta ta biyo Hansai har turke, ta miƙo moɗarta.

"Iya, Mas'uda ta ce..."

"Ki dafa wa yaranki. Ni zuba mini."

Hansai ta dubi saniyar, ta dubi tsohuwar. Ba ta san ko cutar da ita za ta yi ba in ta zuba, ba ta kuma san yadda za ta hana uwar mijinta abin da ke cikin gidan ɗanta ba. Ta karɓi moɗar ta zuba rabi. Iya ta leƙa ciki, ta ce bai kai ba, ta tsaya tana jira.