Baƙon da Ya Kwanta a Kogon Gidan Pelatya

An binne baƙon a kogon kakannin Pelatya, kuma yau wata goma sha ɗaya ke nan babu wanda ya san sunansa.

Abin ya faru ne a Bet-Zayit, wani ƙauye a tsaunukan Yahudiya, lokacin kakar zaitun. Pelatya ɗan Shallum, mai matsar man zaitun, yana dawowa daga gona da yamma ya ga wani dattijo zaune a dandalin ƙofar gari, jakinsa na tsaye a gefe. Duk wanda ya zauna a nan masauki yake jira. Mutum huɗu sun riga sun wuce shi. Pelatya ya kama igiyar jakin.

"Taso mu je gida, ranka ya daɗe. Baƙo ba ya kwana a dandalinmu."

Ya wanke masa ƙafa da hannunsa, ya zuba wa jakin harawa. Matarsa Hogla ta gasa gurasar sha'ir, aka yanka ɗan akuya. Dattijon ya ci, ya yaba man, ya ce hanya ta yi nisa. Aka yi masa shimfiɗa a ɗakin da ke kan rufin gida.

Ba a tambayar baƙo sunansa, ko garinsu, ko abin da ya kawo shi, sai ya cika kwana uku, in ba shi ya faɗa da kansa ba. Tambaya kafin nan tamkar auna masa abinci ne gwargwadon asalinsa. Washegari Hogla ta sami mijinta a wurin matsa.

"Maigida, numfashin mutumin nan bai yi mini ba. Ka ɗan ji ko ina danginsa suke."

"A kwana na biyu? So kike a ce Pelatya sai ya ji sunan uba yake ba da gurasa?"

"To, bari ni in tambaye shi."

"Ke dai kai masa nono. Gobe ma rana ce."

Da rana tsaka ta hau da nonon, ta tarar da baƙon jingine da bango, rai ya yi halinsa. A jakarsa akwai busasshen ɓaure, da allura, da sababbin takalman yarinya ƙarama. Babu hatimi, babu wasiƙa.

Gawa ba ta kwana, don haka gardama ta tashi nan take. Pelatya ya ce a kai shi kogon gidansu. A kogon ana shimfiɗa mamaci a kan dakalin dutse, bayan shekara a tattara ƙasusuwansa a zuba a ramin da na kakanni suke. Abin da ya shiga ramin nan ba ya sake rabuwa. Ƙanensa Ahuzam ya ce a haƙa rami a bakin hanya a tara duwatsu.

"Yaya, baƙo raɓa ne aka ce. Naka kuwa ya zama tabki."

"Ya ci gishirina, kwanansa uku ba su cika ba. Ɗan gidana ne."

"Ɗan gidanka wa? Faɗi sunansa mu ji! In Bamowabe ne fa, baren da ba jininmu ba? Haka za ka kwantar da shi a jikin Baba?"

"Maganarsa irin tamu ce."

"Fatake ma sun iya maganarmu."

Suka kai maganar gaban dattawa a ƙofar gari. Shebna, babbansu, ya saurare su yana tauna zaitun. Ya ce tunda mutumin ya mutu a ƙarƙashin rufin Pelatya, ya kwanta a kan dakali. Amma ƙashin da ba shi da suna ba ya shiga ramin kakanni. In shekara ta zagayo ba a ji ko wane ne ba, Ahuzam na da ikon kwashe shi ya kai bakin hanya.

"Baba, in haka ta faru na kori baƙona ke nan," in ji Pelatya.

"To, sai ka nemo sunansa," in ji Shebna, ya tofar da ƙwallon.

Pelatya ya nema. Ya je kasuwar Hebron sau biyu da takalman a hannu. Masu dukanci suka jujjuya su suka ce ɗinkin ba nasu ba ne. Ya aika saƙo ta bakin masu jigilar gishiri. Da aka ce masa jaki ba ya manta gida, sai ya kwance jakin baƙon ya bi bayansa. Jakin ya kai mararraba, ya tsaya ya ci ciyawa, ya juyo ya dawo turken Pelatya.

"Har jakin ya gane inda banza take," in ji Ahuzam.

Pelatya ya ɗaure jakin a turke. Ya rataye takalman a dogaran ƙofa, inda duk mai shiga zai gani. Baƙi tara ya saukar tun daga lokacin, babu wanda ya ɗaga kai ya dube su.

Jiya da yamma wani mutum mai kimanin shekara talatin ya zauna a dandali, ba jaki, ba kaya sai sanda. Pelatya ya kawo shi gida. Suna shiga, jakin ya ɗaga kai ya yi kuka, ya ja igiya har ta kusa tsinkewa. Mutumin ya tsaya ya shafa wuyansa, sannan ya daɗe yana duban takalman. Aka wanke masa ƙafa, ya ci gurasa, ya yi godiya, ya hau sama.

Da safe Hogla ta tare mijinta a gindin tsani.

"Wannan karon dai za ka tambaya."

"Kwanansa ɗaya, Hogla."

"Wancan ma haka ka ce mini. Ga shi can a kogo."

Saura kwana ashirin da shida shekara ta cika. Ahuzam ya riga ya tara duwatsu a bakin hanya. Baƙon ya shaida wa Hogla cewa sammako zai yi gobe, kafin kwanansa uku su cika. Har zuwa yammacin yau, Pelatya bai tambaye shi ba.