Ranar da Kifin Gunvor Ya Lalace

An kwashe gwangwanin kifi ɗari shida daga rumfar Gunvor Näslund a Alhamis ta uku cikin watan Agusta, kuma ita ce ta matsa a kwashe su.

Gunvor, mai shekara saba'in da ɗaya, ta shekara arba'in tana tsima kifi a ƙauyen Sälnäs, bakin teku a arewacin Sweden. Takan zuba shi a ganga da ɗan gishiri, ta bar shi ya ruɓe, sannan ta rufe a gwangwani. Kowace shekara a wannan Alhamis ake fara buɗewa, a tsakar gida, a ci da dankali da albasa. Wanda kifinsa bai yi ɗoyi ba, ba a sake komawa rumfarsa.

Bana ta canja wurin da ke buga mata takardar jikin gwangwani. Matar wurin ta kira ta a waya, ta ce akwai gurbin kwanan wata, yaushe kifin zai lalace? Gunvor ta faɗa mata gaskiya: Laraba, jajibirin buɗewa.

Da hantsin Alhamis, masu saye sun ja layi, Torvald mai duba abinci na gunduma ya iso. Ɗan wanta ne, a hannunta ya koyi cin kifin. Ya juya gwangwani ya karanta.

"Gwaggo, wa'adinsa ya ƙare jiya."

"To yaushe kake so ya ƙare? Yau ake ci."

"Nufin rubutun, bayan ranar ba a ci."

"Kafin ranar dai ba a ci. Kai da aka ce ka yi karatu!"

Torvald ya ciro takardar aiki. Gurbi biyu gare ta: ya lalace, bai lalace ba. Ya rage murya, ya ce zai buɗe ɗaya ya shinshina, ya cike gurbi na biyu, ita kuma ta sake manna kwanan wata, magana ta mutu.

Ya buɗe. Karen wata mata ya tsinke igiya ya gudu. Mutanen layi suka lumshe ido don daɗi. Torvald ya share hawaye ya ce, "Lafiyarsa ƙalau."

Masu layi suka juya suna kallon Gunvor. A ƙofa ake manna sakamakon dubawa, Gunvor ta san haka. Takarda mai hatimin hukuma, tana shaida wa duk mai wucewa cewa kifinta bai ruɓe ba.

"Maimaita in ji. Kifin nawa ne lafiyarsa ƙalau? Da wannan mataccen hancin irin na ubanka?"

"Gwaggo, taimakonki nake yi. In na rubuta ya lalace, dole in kwashe duka."

"Rubuta."

"Ɗari shida fa."

"Ni na rufe su. Rubuta, ka danna hatimin da kyau."

Ya rubuta. Da hannunta ta manna takardar, ta koma baya ta duba ko ta miƙe. Masu layi suka karanta, suka gyaɗa kai, sannan suka taya Torvald lodi. Ba wanda ya tafi da ko ɗaya. Mutum talatin da biyu sun bar sunayensu don na baɗi.

Gwangwanayen na ɗakin ajiya na ofishin gunduma. Wurin ƙona shara ya ce ba ya karɓar rufaffen gwangwani, sai an buɗe. Ma'aikata tara sun ce za su buɗe, amma ofishin bai yarda da niyyarsu ba, don an san ci za su yi. Zuwa ranar Litinin murafe sun fara kumbura, kuma ba a yanke wanda za a ba mabuɗin ɗakin ba.