Kaset ɗin Nuriyya

Yaya Labaran dai tun tasowarmu ba a daidai yake ba. Samarin Fagge na yanga da babbar riga, shi kuwa rigar leda ta shiga ruwan sama yake zurawa, da gilashin masu walda, ya rataya fiyano mai batir yana fitar da wani ƙara kamar an take wutsiyar kyanwa. Baba ya yi faɗa har ya gaji. Daga baya masu fim da talabijin suka gano shi, ya shekara ashirin yana haɗa musu kiɗan da ake sakawa idan an zo wurin kuka.

Sirrinsa kaset ɗaya ne. Matarsa Nuriyya, Allah ya ji ƙanta, tana tsintar wake tana rera wani abu a maƙoshi, ya ɗauke ta ba ta sani ba. Ba ya taɓa fiyano sai ya fara sauraron wannan. Na sha ce masa ya juye a waya, ya ce waya tana kashe hucin mutum. Ka ji fa!

A 2015 ya zo umara, ya sauka wurina a unguwar Mansur a nan Makka, inda nake sayar da masa da tuwo. Likita ya gaya masa kunnensa na tafiya. Saura aiki ɗaya, kiɗan ƙarshen wani wasan talabijin, ya ce zai saurari Nuriyya ya haɗa shi kafin kunnen ya rufe, daga nan halas, ya ajiye sana'ar. Na lura bakina yake kallo idan ina magana, na ɗauka cikin halinsa ne.

To, kuɗin cizo sun addabi ɗakin da na sauke shi, mu kuwa nan maganinsu rana ce. Da ya tafi Harami da safe sai na kwashi katifa da bargo da jakarsa, na hau saman bene na baje. Wallahi ban buɗe jakar ba. Masu sayen tuwo suka ɗauke min hankali, ban tuna ba sai la'asar.

Ranar Makka ba ta wasa. Ashe kaset ɗin yana cikin jakar, ya lanƙwashe kamar busasshen ganda. Da ƙyar na tura shi a rikoda, na danna. Babu Nuriyya. Wani gurnani ne kawai yake ja yana tsinkewa. Innalillahi! Na zauna a ƙasa na yi kuka, don ni ma ƙawata ce, tare muka yi makarantar allo.

Ya dawo yana fara'a, ya kawo min dabino. Na karɓa na ajiye, ban faɗa masa ba. Ya jawo rikodar, ya ga kaset a ciki, ya ƙure ƙara, ya danna. Gurnanin nan ya cika gidan, har maƙwabciyata Mariama ta leƙo ta taga.

Shi kuwa ya lumshe ido yana gyaɗa kai, yatsunsa na tafiya a gwiwa.

"Ji ta, Sa'adatu," ya ce. "Duk shekarun nan, ko gezau muryar ba ta yi ba."

Na zaga bayansa na ce, "Yaya." Shiru. Na ɗaga murya, "Yaya Labaran!" Ko motsi bai yi ba. Ashe kunnen ya daɗe da rufewa, yana ta ɓoye min, wataƙila har kansa yake ɓoye wa.

Ya buɗe ido yana nemana, na dawo gabansa da sauri ina goge fuska da mayafi.

"Kina jin ta?"

Na ce, "Ina jin ta, Yaya," ina gyaɗa kai sosai don ya gani. Sai ya jawo fiyano.