Gadon Kaka Jerka a Lokacin Baƙi

A garinsu Franka, da zarar Yuni ya kama, kowa sai ya kwashe komatsansa ya sauka gareji. Duk layin haka ake yi. Ɗakunan sama na baƙi ne masu zuwa wanka a teku, masu gida kuwa su cunkushe a ƙasa tare da jarkokin man zaitun da tsohon injin kwalekwale, sai Satumba. Abin da aka samu a 'yan watannin nan shi ake ci har shekara ta zagayo, don haka ba mai ƙorafi. Wa ma za ka kai wa ƙara? Limamin cocin kansa ya ba da hayar ɗakinsa na baya.

Franka shekarunta sha shida, aikinta na hutu kuma gyaran ɗakuna a gidansu. Ta share yashi, ta wanke banɗaki, ta tsince gashin wata Bajamushiya daga kan matashin da ita Franka take kwana a kai da hunturu. Teku ga shi nan a gindin layi, amma tun da baƙi suka fara zuwa ko ƙafa ba ta tsoma ba. Abin yana ci mata rai ƙwarai.

Kaka Jerka ce ta fara wannan sana'a a layin, tun mahaifin Franka yana goye. Bana kuwa ciwo ya kwantar da ita. An shimfiɗa mata ƙaramin gado a garejin, bayan labule, kusa da firji mai gurnani. Ba taga. In an ɗaga ƙofa, abin da take gani kawai ƙafafun mutane ne da silifas suna wucewa. Ranar da likita ya zo, Franka tana shanya zannuwan gado ta ji yana gaya wa babanta a bakin ƙofa cewa da wuya tsohuwar ta ga tsinkar inabi. Inabi kuwa a Satumba ake tsinka.

"Ina jin tekun nan, amma ba na ganinsa," in ji Kaka wata safiya, Franka tana ba ta romon kifi. "Da dai zan ɗan miƙe bayana a gadona."

Sau ɗaya ta faɗa, ba ta sake ba. Franka ta tari babanta, Stipe, yana shirin fita da kwalekwalen da yake kai baƙi tsibiri.

"Baba, a mayar da Kaka ɗakinta mana."

"An kama ɗakin har ƙarshen Agusta."

"A soke."

"A soke? Ki kori mutum ɗaya, ya je ya rubuta a intanet, baɗi wa zai zo? Maganin nata da me kike tsammani ake saye?"

"Amma ai ka ji abin da likita ya ce."

Ya tsaya yana naɗe igiya, ya ƙi kallonta. "Uwata ce, Franka. Kin fi ni ji ne?" Idonsa ya kaɗa, ya saɓa igiyar ya fita.

Asabar ita ce ranar canjin baƙi: na da su tafi da hantsi, sababbi su iso bayan azahar. Tsakanin nan ɗakin ba na kowa ba ne. Baba yana teku, Mama tana kicin ɗin otal inda take aiki. Franka ta gyara ɗakin Kaka tsaf, sannan ta ruga bakin ruwa wajen Duje, ɗan baffanta, wanda ke ba da hayar laima da kujerun shan iska.

"Taso, ƙaton banza, ka yi amfani yau."

"Ke, mai gidana zai kore ni!"

"Wa zai ɗauka in ya kore ka? Duk yaran garin nan suna da aiki. Taso!"

A kan kujerar cin abinci suka ɗauko Kaka. Duje yana gaba yana nishin ƙarya.

"Kaka, ashe duk ɓauren gidan nan ke kike cinyewa?"

"Rufe min baki, mai ƙafa kamar sandar laima. Ka yar da ni ka gani."

Franka ba ta yi dariya ba. Kujerar ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya tsorata ta ke nan.

Suka dire ta a tsakar ɗakin. Taga a buɗe, teku shuɗi har tsibiri, iska tana kaɗa labule. Kaka ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo ga gadon, farin zani a miƙe, tawul biyu a naɗe a kai.

"Hau mana," in ji Franka.

"A'a. An riga an gyara wa baƙi."

"Kaka, gadonki ne!"

"Zan yamutsa shi. Bar ni a kujerar, nan ma ya isa."

Kai! Mace ta haifi 'ya'yanta a kan gado, mijinta ya cika a kansa, yau ita ce take jin nauyin hawa! Franka ba ta san lokacin da ta yi tsalle ta faɗa kan gadon da ƙafafunta masu yashi ba. Ta yi birgima, ta watsar da tawul ɗin, ta cukuikuye zanin.

"To ga shi, ya ɓaci. Sai ki hau."

"Ja'irar yarinya," in ji Kaka, amma ta miƙa wa Duje hannu.

Jikinta ya faɗa daidai ramin da ya yi wa kansa a katifar tun shekaru. Ta juya fuskarta wajen taga, ta nuna inda kwalekwalen marigayi mijinta yake ɓullowa in ya dawo daga kamun kifi. Ba ta ƙarasa maganar ba barci ya ɗauke ta, irin barcin da ba ta samu ba tun da aka sauka gareji. Duje ya zauna a matakala. Franka ta zauna a ƙasa tana kallon ƙirjin tsohuwar yana ɗagawa yana sauka.

Ba a jima ba ta jiyo ƙarar da kowa a garin ya sani ko cikin barci: tayoyin akwati a kan duwatsun layi. Baƙin sun yi sammako. Duje ya leƙo.

"Sun iso fa. Mata da miji, da jariri."

Franka ta miƙe ta zare makullin daga ƙofa ta damƙe. Ta yanke a ranta za ta kulle, su je su rubuta abin da za su rubuta.

"Sun zo ko?" Idon Kaka a buɗe yake, har ta fara laluben bakin gadon.

"Su jira."

"Da jariri, a cikin wannan rana? Ba a gidana ba. Duje, zo ka ɗaga ni."

"Kaka, don Allah, ko kaɗan ki ƙara."

"Ajiye makullin nan. Ki sa zanin da aka goge, ba na kan igiya ba." Da suka zaunar da ita a kujerar, ta sake duban taga. "Ai Satumba ta kusa. Ki gaya wa uwarki kada ta juya min katifa kafin in dawo."

"To, Kaka," in ji Franka.

Suka bi da ita ta matakalar baya don kada baƙin su gani. Franka ta dawo da gudu ta yaye zanin ta shimfiɗa sabo. Matashin da ɗuminsa har yanzu, ga farin gashi guda ɗaya kwance a kai. Ta tsince shi kamar yadda take tsince na kowa, amma ta rasa inda za ta yar. Ta naɗe shi a yatsanta, ta goge fuska da bayan hannu, ta sauka tana murmushi ta karɓi akwatin baƙi.