Reshen Dashi Kusa da Famfo

Da ciwon ƙafa ya hana Baba noma, ya dawo wurinmu da zama. Bai zo da komai ba sai jakar tufafinsa da wani ɗanyen reshe mai ƙaya, tsawonsa ya kai ƙirjina. Ya kafa shi a tsakar gida kusa da famfo.

"Dashi ne," ya ce mini. "Kada ki ba shi ruwa, ruɓewa zai yi."

Wata biyar reshen nan yana tsaye tsirara, ɓawonsa yana ɓarewa kamar takarda. Maigidana tela ne, ga tsokana. In zai fita shago sai ya ce, "Baba, yau ma mun sha inuwa." Baba ya yi murmushi kawai.

Wata safiya ana tsananin zafi, ko ɗigon ruwan sama ba a gani ba, na fito da bokitin wanki na tsaya cak. Ƙananan furanni jajaye sun feso a jikin icen da na daɗe da yanke wa ƙauna, babu ganye ko ɗaya. Na kira Baba, ya dogaro sandarsa ya zo.

Ya karce ɓawon da farce. Ƙarƙashinsa kore shar, wani farin ruwa ya tsattsafo, ƙamshinsa ya cika mini hanci.

"In ya daskare ya zama ƙaro, shi mahaifiyarki take zubawa a garwashi ta turara ɗaki. Reshen asuwaki ne, 'ya'yan na ciwon ciki. Saiwar ƙaraminsa kuwa zaƙi gare ta, makiyaya ke taunawa in ƙishirwa ta kama su." Sai ya ɗage wandonsa ya nuna mini dogon tabo a ƙwauri. "Gatari ne, ina saurayi. Ƙaron nan aka liƙa mini."

Shekara goma sha biyu ina aikin jinya, sau nawa na wanke ƙafar nan, ban taɓa tambayarsa ba.

"Baba, ta yaya icen nan ya san lokaci ya yi?"

"Ni ma tun ina yaro nake wannan tambayar. Ganye na nan tafe, ruwa kuma na biye da shi."

Kwana takwas ganyen ya fito, uku-uku a kowane tsinke. A rana ta goma sha ɗaya hadari ya haɗo. Baba ya sa aka kawo masa kujera bakin ƙofa, muka zauna mu uku muna kallon ruwa yana wanke ɗan icen.

Washegari maƙwabciyarmu ta shigo roƙon reshe. Baba ya ce ta dakata sai icen ya zubar da ganye, in an dasa shi cikin ruwa ruɓewa zai yi.