Danjar Da Ba Ta Ganin Doki

Ni na yanka kwaltar, ni na binne wayar. Gara in faɗa tun yanzu.

Da na gama sakandare ban samu jami'a ba, sai na kama aikin hanya. Bara aka turo mu mahaɗar garinmu, Cerbeni, inda hanyar gonaki ke tsallake babban titin da tireloli ke bi zuwa iyaka. Mutum huɗu suka mutu a wurin cikin shekara uku. Shi ya sa aka kafa danja mai aiki da na'ura. Babban titi kullum kore yake gani. Hanyar gonaki ba ta samun kore sai wayar da ke ƙarƙashin kwalta ta ji ƙarfe ya tsaya a kanta. Mota ta zo, waya ta ji, na'ura ta tare tireloli, mota ta wuce. Tun da aka kunna ta ba a sake ɗaukar gawa a wurin ba.

Babana, Ilarie, ba shi da mota. Goɗiya gare shi, Stela, da amalanken katako da kakana ya bari. Gonar ciyawarsa tana ƙetaren titi. Sau biyu a rana yake tsallakawa.

Ban yi tunaninsa ba lokacin da nake yankan. Ko sau ɗaya.

Wata Litinin na je ofishinmu a birni karɓar jerin kyamarorin da zan goge. Injiniya Otilia, shugabarmu, tana zaune gaban allunan da ke nuna mahaɗu, kofinta ya huce, idonta ya yi ja.

"Tudorel, zo ka ga wani tsoho da ya gaji da duniya," ta ce.

Na leƙa. Amalanke ya tsaya gaban jar wuta. Ta gaggauta hoton, minti goma sha takwas yana tsaye. Daga nan mai shi ya kaɗa linzami ya shiga titi. Tirela ta taho da cikakken gudu, don kore take gani. Tsakaninta da bayan amalanken bai kai taƙi ɗaya ba. Ciyawa ta tashi sama.

Da can direbobi na rage gudu a nan saboda tsoro. Yanzu danja ta cire musu tsoron.

"Babana ne," na ce.

Ta aje kofin. 

"Injiniya, a gyara mana danjar."

"Ba ni da makullin wannan. Sai an rubuta wa waɗanda suka ƙera ta. Da kaka za su amsa, in sun ga dama." Ta murza goshi. "A takarda ma babu amalanke a wannan hanyar."

"A garinmu akwai goma sha biyu."

"Na sani. Waya ƙarfe take ji. Mai faɗi, kusa da ƙasa. Iyakar abin da zan iya gaya maka ke nan."

Ranar Asabar na gwada. Na ɗaura shebur a ƙarƙashin amalanken, danja ba ta motsa ba. Na ƙara sarƙa da tsohon bokiti. Ja. Baba yana zaune a sama yana kallona ina rarrafe a kwalta.

"Shekara goma sha biyu a makaranta," ya ce, "ga ka kwance ƙarƙashin wutsiyar doki. Matsa kafin Stela ta ba ka shahada."

Masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun share garin tuntuni. Faifan ƙarfe ɗaya ya rage a gidanmu, saman murhun Mama, a ɗakin girkin tsakar gida. Shekara biyu da rasuwarta, ba a sake hura wuta a cikinsa ba. Duk Ista Baba yana shafe jikinsa da farar ƙasa, ya goge faifan da mai, ya rufe ƙofa.

Na same shi da rana yana cin mamaliga, tuwon masararmu, da cuku. Na faɗa masa faifan nake so in ɗaura wa amalanken.

Bai ɗago ba. "Taɓa shi ka gani."

"Baba, ƙarfe ne kawai."

"Ƙarfe ne kawai. Kai ma haka na'urarka ta koya maka magana? Shekara hamsin ina tsallake titin nan. Kafin kwalta, kafin ku da wayoyinku. Yanzu sai na nemi izinin fitila?"

"Ba izini ba ne. Ba ta ganinka."

"To makauniya kuka kawo mana. Ku mai da ta."

Na gaji. Tun asuba nake gajiye, tun Litinin ma. Ban ƙara gardama ba. Na fito da wayata, na buɗe hoton da Otilia ta tura min, na aje kusa da kwanonsa.

Ya kalla. Ya ce in maimaita. Na ɗauka tirelar yake kallo. A karo na uku ya ɗora ɗan yatsa a kan goɗiyar.

"Dubi ƙafarta ta baya. Ta durƙusa."

"Eh."

"Ban ji ba. Ina sama, ban ji ba." Ya ture kwanon. "Shi ya sa take ƙin shiga titi kwanan nan. Ni kuwa ina ta zaginta."

Ya tashi. Na ji ƙarar ƙofar ɗakin girki. Ban bi shi ba. Can ya fito rungume da faifan a ƙirji, toka ta ɓata masa riga. Ya ƙi bari in karɓa. Shi ya riƙe, ni na huda katakon ƙarƙashin amalanken na ɗaure noti huɗu.

Da la'asar muka je mahaɗar. Na nuna masa layin da na yanka, ya tsayar da amalanken daidai kansa. Tireloli na wucewa, iskarsu na kaɗa gashin wuyan Stela. Na ƙirga a zuci. Ashirin. Talatin. Na fara tunanin abin da zan ce masa idan ta ƙi.

Sai birki ya yi kuka ta hagu, ya yi ta dama. Tirela biyar suka tsaya. Kore.

Baba bai motsa ba. Yana kallon manyan motocin kamar bai taɓa ganin gabansu ba.

"Baba, tafi. Ba ta jira."

Ya yi wa Stela magana a hankali, ta taka. Muna tsakiyar titi na ji ƙarar wasu ƙafafu a baya. Maƙwabcinmu Costache ne ya manno amalankensa a namu, yana zabga wa dokinsa bulala.

"Ilarie!" ya ƙwala. "Gobe ƙarfe nawa za ka fito? In jira ka!"

"Je ka ciro murhun matarka, rago!"

"Tana da rai, za ta kashe ni!"

Baba ya yi 'yar dariya ta hanci, dariyar ta ɗauke nan take. Muka sauka kan hanyar gona. Bayanmu tireloli suka ci gaba.

"Uwarka," ya ce, bai kalle ni ba. "Har yanzu ita ke tsallakar da ni."

Da muka koma gida na tarar ya bar ƙofar ɗakin girki a buɗe. Murhun na tsaye da baƙin rami a kansa. Na samo katako na rufe, bai yi daidai ba. Na bar shi haka.

Saura amalanke goma sha ɗaya. Litinin zan rubuta wa waɗanda suka ƙera danjar takarda.